Tarihin Kwalta da Amanar Ɗan Kwangila

Daga cikin sana'o'in da zamani ya kawo mana, da wuya a sami wadda aikinta ya fi bayyana, sirrinta kuma ya fi ɓuya, kamar sana'ar masu shimfiɗa kwalta. Gama duk mai ido yana ganin baƙin nan na sama, sumul, yana sheƙi cikin hantsi, alhali kuwa abin da zai sa aikin ya kai shekara ashirin, ko kuwa ya farfashe tun a damina ta biyu, yana can ƙarƙashi, an riga an binne shi, ba wanda zai sake sa shi a ido sai ran da ruwa ya tone shi. Saboda haka magidancin da ya ƙare ginin gidansa, ya yi niyyar kiran wani ɗan kwangila na garinsu ya zuba masa kwalta daga bakin titi zuwa inda yake ajiye motarsa, ko ya sani ko bai sani ba, ya shiga wata tsohuwar mas'ala wadda sarakuna da malamai da injiniyoyi suka daɗe suna fama da ita, watau yadda za a yi a tsare aikin da mai biyan kuɗinsa ba shi da ikon gani.

Ita kanta kwalta ba baƙuwa ba ce a duniya. A ƙasar Iraƙi, a gaɓar kogin Furatu, akwai wani gari da ake kira Hit, inda Allah ya hukunta ƙasa take tsattsafo da wannan baƙin abu mai danƙo, daga nan ne kuma mutanen Babila suka riƙa ɗibarsa suna liƙe jiragen ruwansu, suna kuma sa shi tsakanin tubali da tubali a maimakon laka. Sarkinsu Nebukadnezzar, wanda ya yi mulki daga 605 zuwa 562 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya gina wata babbar hanya ta bukukuwansu wadda ta ratsa ta ƙofar Ishtar, aka jera gasasshen tubali aka haɗe shi da kwalta, sa'an nan aka ɗora manyan falalen dutse a bisansa. A wurinsu dai kwalta tana ƙarƙashi ne, aikinta riƙe gini da hana ruwa shiga, ƙafa kuwa dutse take takawa.

Matafiyan Musulmi sun ga wannan abin al'ajabi da idonsu, sun kuwa bar mana labarinsa. Ibnu Jubairu, mutumin Andalus, ya bi ta Iraƙi a shekarar 1184 bayan ya sauke farali, a kan hanyarsa daga Bagadaza zuwa Mausil ya iske wani wuri kusa da kogin Dijla mai suna Ƙayyara, inda idanun kwalta manya da ƙanana suke ɓuɓɓuga, mutane suna tara ta a kududdufai, in suna son ɗauka sai su sa mata wuta har danshinta ya ƙone ta daskare, kana su yayyanka ta gunduwa-gunduwa a yi fataucinta har ƙasar Sham. Ya kuma ba da labari cewa gidajen wanka na Bagadaza da ita ake shafe su, har mai kallo ya yi zaton baƙin dutse ne aka goge. Ibnu Baɗuɗa da ya zo bayansa da shekara ɗari da arba'in da 'yan kai, shi ma haka ya tarar. Amma duk da wannan sani da wannan fatauci, kwalta ba ta zama abin rufe hanyoyin ƙasa ba, dalili kuwa a fili yake: raƙumi da jaki da ɗan Adam mai tafiya a ƙasa ba su da bukatar haka.

Mu ma a ƙasar Hausa haka al'amarin yake. Hanyoyin da fatake suka bi shekara da shekaru, daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ko zuwa Agadas da Bilma neman gishiri, ƙafa da kofato ne suka yi su, madugu ne ya san su, ya san zangonsu da rijiyoyinsu da mashigin kowane rafi. Wannan ba ya nufin magabata sun yi sakaci da haƙƙin hanya. Shari'a ta sa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, hadisi kuma ya yanka zira'i bakwai ya zama faɗinta in an yi jayayya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni, da kula da ma'abota sana'a, cikin abubuwan da suke wuyan shugaba. Abin da ba mu da shi a lokacin dai shi ne keke da mota, su ne kuwa suke tilasta wa ƙasa ta taurare.

Amma fa ilmin taurara ƙasa muna da shi, a hannun mata yake, sunansa daɓe. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya san yadda ake yi in za a kai amarya: a share ɗaki, a daidaita ƙasarsa, a zubo tsakuwa ko marmara a baje, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, kada ya yi yawa ƙasa ta caɓe, kada ya yi kaɗan ta ƙi kamawa, sa'an nan mata su jeru, kowace da madaɓinta, su duƙa su yi ta bugu suna waƙa, suna matsawa da kaɗan-kaɗan daga wannan bango zuwa wancan, su komo, har sai ƙarar madaɓi ta sauya daga ta dugu-dugu ta koma tana amsawa tsaf, alamar ba sauran rami a ciki. Bayan haka a jiƙa makuba, watau ɓawon ɗorawa, ko kuwa bagaruwa, a riƙa yayyafa ruwanta ana ƙara bugu, har daɓen ya yi duhu ya yi santsi, ya zamana ruwa ba ya ratsa shi. Na daɗe ina ganin cewa tsohuwar da ta iya daɓe ta riga ta san kashi biyu cikin uku na ilmin yin hanya, domin duk abin da rola mai nauyin tan goma take yi, shi ne abin da madaɓi yake yi, kuma kuskuren da yake ɓata daɓe, watau gaggawa da rashin auna ruwa, shi ne dai yake ɓata titi. A ɓangaren maza kuwa akwai Sarkin Magina, wanda in magini ya ha'inci mai gida, ya rage makuba a cikin caɓi ko ya yi algus a laso, wurinsa ake kai ƙara, kuma maginin da aka kama ya san sunansa ya ɓaci a garin nan har 'ya'yansa.

Wanda ya mai da ilmin taurara ƙasa ƙa'ida a ƙasar Turai shi ne John McAdam, mutumin Sikotland, wanda aka haifa a 1756 ya mutu a 1836. A zamaninsa hanyoyin Ingila sun zama abin tsoro, da rani ƙura, da damuna taɓo har gindin keken doki, masu gyara kuma ba su san wata dabara ba illa su jibga manyan duwatsu, waɗanda ba su daɗewa sai su juye su fito. Da aka ɗora shi kan hanyoyin yankin Bristol a 1816, sai ya kawo wata hujja wadda mutane suka yi mamakin sauƙinta: ya ce ƙasar da Allah ya halitta a wurin ita ce take ɗaukar nauyin duk abin da ya bi ta kai, muddin tana bushe, saboda haka aikin mai yin hanya bai wuce ya ɗaga ta sama da matsayin ruwa ba, ya yi mata ɗan doro a tsakiya don ruwan sama ya gangare, kana ya rufe ta da fasasshen dutse mai kaifi wanda zai sarƙe da juna, kaurinsa kamar inci goma. Ya shar'anta kada dutse ɗaya ya wuce nauyin oza shida, masu dubawarsa kuma suna yawo da ma'auni suna gwadawa. Ya kamata a lura da wannan ma'aunin, domin McAdam ya gane cewa ƙa'ida ba ta amfani in babu mai tsayawa a kanta tun dutse yana fili, kafin a binne shi. Rabin gwagwarmayarsa ma da ha'incin masu kula da kuɗin hanyoyi ya yi ta.

Hanyar McAdam ba ta da kwalta ko kaɗan. Kwalta ta shigo ne ta birane, ta wata ƙofa dabam. A Val de Travers ta ƙasar Suwizalan akwai wani dutse mai ɗauke da kwalta a jikinsa, wanda in an niƙa shi an gasa, aka baje aka danne, sai ya koma dunƙule guda. Da irinsa aka rufe wani titi a birnin Paris a 1854, aka yi wani a Landan a 1869. A tsibirin Tirinidad kuma akwai wani tafki guda na kwalta, faɗinsa ya kai eka ɗari, wanda Walter Raleigh ya liƙe jiragensa da ita tun 1595, daga nan aka ɗebo wadda aka zuba a babban titin Pennsylvania na birnin Washington a 1876. Waɗannan duka ayyuka ne na manyan birane masu dukiya, ƙauye bai san ana yi ba.

Mota ce ta sauya kome. Ƙafar keken doki ta ƙarfe niƙa dutse take yi tana cusa garinsa cikin ramuka, watau tana ƙara wa hanyar McAdam ƙarfi. Tayar roba mai gudu kuwa zuƙe garin nan take yi tana watsa shi sama, sai dutse ya saki, ƙura ta turnuƙe gidaje da gonaki. A 1901 wani safiyo na lardin Nottingham mai suna Edgar Hooley ya bi ta kusa da wata ma'aikatar ƙarfe a Denby, ya ga wani ɗan yanki na hanya lafiya lau, ba ƙura ba rami. Da ya tambaya, aka ce masa gangar kwalta ce ta faɗo daga keke ta fashe, aka zuba tsakin ƙarfe a kai don a rufe ɓarnar. Bai yi wasa da abin da ya gani ba, a 1902 ya yi rajistar dabarar gauraya kwalta da dutse kafin a shimfiɗa. A wannan shekara kuma wani likita ɗan Suwizalan, Ernest Guglielminetti, wanda ƙura ta dame shi saboda cutar da take yi wa huhu, ya sa aka shafe wani yanki na hanya da kwalta a Monako. Kwaltar da su biyun suka yi aiki da ita daga gawayin ƙasa ake samunta. Ba a daɗe ba kuma sai matatun mai suka fara fitar da tasu, watau gurɓin da yake saura a gindin tukunya bayan an tace fetur da kananzir da gas, ita ce kuwa ake zubawa yau kusan ko'ina.

A Nijeriya ta Arewa Turawa ba su zo da kwalta a hannu ba, da jirgin ƙasa suka zo, wanda ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da yawa suna ɗaukar hanyar mota a matsayin baiwar dogo, aikinta ta kawo gyaɗa da auduga tasha, ba su son wadda za ta yi kishiya da reluwe. Hanyoyin farko na burji ne, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya a kan yadda aka yi su: da ƙarfin talakawa aka yi su, umurni ya fito daga Joji zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a tara mutane da fartanya da kwando, su haƙo marmara su ɗauko a ka, sau da yawa a lokacin da gonakinsu suke bukatarsu. A ƙasar Nijar, ƙarƙashin Faransa, aikin tilas ya fi haka tsanani, har mutane suka riƙa ƙaura suna tsallako iyaka, ba a kuwa soke shi da doka ba sai a 1946. Waɗanda suka ga zamanin burji suna tuna gargada mai kwance ƙusoshin mota, da shingen da ake rufewa in an yi ruwa, manyan motoci su yi jerin gwano suna jiran hanya ta sha iska. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka fito da shirin raya ƙasa na shekara goma a 1946, kwalta ta fara miƙawa tsakanin manyan garuruwa, siririya, mai ɗaukar mota ɗaya, in an haɗu kowa ya sauke ƙafa biyu a burji. Yadda ake yinta a lokacin kuwa, leburori ne suke dafa ganga a kan itace a bakin hanya, a fesa, a watsa tsakuwa da shebur, rola ta bi.

A nan ne ɗan kwangila ya fito. Da fari ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e su suke yin kome da leburorinsu, sa'an nan suka fara ba da jinga ga 'yan ƙasa, wani ya kawo tsakuwa, wani ya gina kwalbati, wani ya kawo yashi da jakunansa, har masu ƙwazo a cikinsu suka sayi tifa. Manyan ayyuka dai suna hannun kamfanonin waje, irin su Julius Berger da ya shigo a 1965 don ginin gadar Eko a Legas. Da dukiyar mai ta ɓarke bayan 1973, ga kuma dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, sai kwangila ta zama sana'ar da kowa yake sha'awa, har da wanda bai taɓa riƙe shebur ba. Aka sami na kirki waɗanda ayyukansu suna nan har yau, aka kuma sami masu karɓar kuɗin somin aiki su ɓace, ko su sayar da takardar ga wani, shi ma ya sayar, har ta isa hannun wanda zai yi aikin ba sauran abin da zai isa a yi shi da gaskiya. Abin takaici kuma shi ne, ga kwalta Allah ya binne mana a ƙasar Ondo, wadda wani kamfani ya fara haƙa nemanta tun 1908, ga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda aka yi mata sashen fitar da kwalta, amma har yanzu mafi yawan wadda muke takawa daga waje ake sayo ta.

Saukowar wannan sana'a daga titin hukuma zuwa ƙofar gidan mutum ɗaya kuwa, a Amurka ta fi yin ƙarfi, inda bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta gina unguwanni a bayan gari, kowane gida da motarsa da 'yar hanyarsa daga titi zuwa gareji, har ya zamana kowane gari yana da ƙananan 'yan kwangila waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Tare da su kuma wata irin yaudara ta tashi wadda hukumomin can da na Ingila suke ta gargaɗi a kanta: mutane su tsaya da tifa a ƙofar gida, su ce sun gama wani aiki nan kusa, kwalta ta yi saura, za su zuba da rabin kuɗi in an biya yanzu, su baje ta sama-sama a kan ƙasar da ba a daɓe ba, su karɓi kuɗi, kafin ciyawa ta huda ta sun bar lardin. Irin wannan magana ta iso garuruwanmu, duk inda ake babban aiki za ka ji ta. Bambancin magidanci da hukuma shi ne, hukuma tana da injiniya da ɗakin gwaji, mutanen da can kuma suna da Sarkin Magina, shi kuwa shi kaɗai ne tsaye a ƙofar gidansa, ba shi da kowa sai idonsa da abin da aka rubuta.

A ganina malaman fiƙihunmu sun riga sun tanadar masa makami, in zai ɗauka. A babin ijara sun shar'anta a san aiki a san lada, sanin da zai kau da jahala da garari. A babin ji'ala, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wanda aka yi jinga da shi kan haƙar rijiya ba shi da kome sai ya kammala. Sun kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka tafi da su inda mai kaya ba ya gani, don maslahar jama'a. In aka kawo wannan kan kwalta, ma'anarsa ita ce kada a yarda da jimla guda ta baki. A rubuta faɗi da tsawo. A rubuta zurfin da za a kwashe na baƙar ƙasa ta sama mai saiwoyi. A rubuta kaurin marmara ko fasasshen dutse da za a zuba, wanda don ƙananan motoci bai kamata ya gaza santimita 15 ba, a zuba shi hawa-hawa ana jiƙawa ana dannewa. A rubuta kaurin kwalta, kamar santimita 5, a kuma fayyace cewa bayan rola ta bi ake nufi, domin abin da aka baje yakan ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar in an danne shi, ta wannan ƙofa ce kuwa ha'inci ya fi shiga. A rubuta inda ruwa zai bi, da gangare kamar santimita 2 a kowace mita, ya nufi lambatu, kada ya nufi gindin ginin mai gida ko na maƙwabcinsa, gama haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don an yi ado.

Ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ranar da aka gama daɓen ƙasa ba a kai ga rufe shi ba. Ran nan ne ya kamata mai gida ya bar kasuwarsa ya tsaya, ya sa a haƙa ɗan rami nan da can ya auna da kansa, ya sa tifa mai kaya ta bi ta kai a hankali yana duban ƙarƙashin tayarta, in ya ga ƙasa tana motsi tana lotsawa, to, aiki bai yi ba, ko da ɗan kwangila ya rantse. Ita kuma kwaltar da aka gauraya a masana'anta, wadda kusan kashi 95 cikin ɗari nata dutse ne da yashi, da zafinta take zuwa, wajen digiri 150, a rufe da tamfol, kuma tilas a baje ta a danne kafin ta huce. Wadda ta kwana a mota ko ta sha doguwar tafiya a buɗe ba ta kamawa, ko rola ta yini a kanta. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ɗan kwangila na kusa ya fi na nesa, bayan dalili na biyu, watau shi ana iya zuwa a ga ayyukan da ya yi shekara uku ko biyar da suka wuce, a tambayi masu su, kuma gobe in aiki ya tsage an san ƙofar gidansa, an san masallacin da yake salla.

Ya kamata kuma a gaya wa mai gida aibin kwalta tun kafin ya biya, domin ɗan kwangila na gari ba ya ɓoye shi. Man gas da baƙin mai suna narkar da ita, saboda haka inda tsohuwar mota take ɗiga zai yi laushi ya rarake. Zafin bazara irin namu yana tausasa ta har jak ko ƙafar babur ta bar shaida. Gefenta kuma, in ba a tokare shi da kankare ba, daga nan take fara gutsurewa. Waɗannan dalilai, da tsadar kawo manyan injuna don ɗan ƙaramin fili, su suka sa yawancin gidaje a Kano da Kaduna da Abuja suka koma ga tubalin intalok, wanda in wani wuri ya lotsa ana iya cire shi a gyara ƙasa a mayar, kwalta kuwa ta fi zama a makarantu da asibitoci da rukunin gidaje masu doguwar hanya. Amma ko intalok ɗin ne, a kan daɓen nan yake zaune, kuma sharuɗɗan ba su sauya ba. Hukumomi sun saba riƙe wani kaso na kuɗin kwangila, biyar ko goma cikin ɗari, har wa'adin gyaran aibi ya cika. Magidanci ma yana da ikon ya sa wannan cikin yarjejeniyarsa a gaban shaidu biyu, ya yanka cewa cikon kuɗin sai bayan ruwan watan Agusta ya bi ta kan aikin.